Gorunan Ƙanƙara Goma Sha Biyu da Aka Zubar

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Kula da Ƙananan Asibitoci
Daga: Jami'ar Rigakafi, asibitin ƙarshen hanya
Kwanan wata: Litinin, 9 ga Yuni

Game da: Zubar da ƙanƙarar firjin rigakafi da takardar tuhumar da aka ba ni

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 3 ga Fabrairu batirin litiyom da ke riƙe wutar solarmu ya mutu. Na rubuto ranar 4 ga Fabrairu, da 10 ga Maris, da 21 ga Afrilu. Amsa ɗaya na samu, cewa sabon batir ya fi ƙarfin kasafin bana. Ban yi musu ba.

2. Tun daga lokacin, firjin yana aiki ne kawai idan akwai rana. Marigayi maigidana, wanda gyaran firji ne sana'arsa, ya taɓa nuna mini cewa sanyi ma ana iya ajiye shi kamar wuta. Sai na cika gorunan roba goma sha biyu da ruwa. Da rana su daskare a ɓangaren ƙanƙara, da la'asar in jera su a gefen allurai, da kwali a tsakani don kada maganin ya daskare. Wata huɗu cur ma'aunin zafin firjin bai wuce digiri takwas ba, iyakar da alluran ke jurewa. Safe da yamma nake rubutawa a takardar da ke manne a ƙofar firjin, ko da yake ba mai karantawa sai ni.

3. Ranar Alhamis, 5 ga Yuni, sufeton ofishinku ya zo. Shi ne baƙo na farko daga ofis cikin wata goma sha ɗaya. Na share ɗaki, na goge kujerar baƙi, har shayi na dafa. Bai zauna ba. Ya buɗe firji, ya ga goruna, ya rubuta cewa ina sana'ar ƙanƙara da kayan gwamnati. Ranka ya daɗe, wa zan sayar wa? Gida mafi kusa da ni tafiyar rabin awa ce. Na nuna masa takardar ma'auni, ko kallonta bai yi ba. Ya sa na zubar da gorunan a gabansa, ya miƙa mini takardar tuhuma, ya shiga mota. Duka zuwan bai kai minti ashirin ba.

4. Washegari da safe ma'aunin ya nuna digiri goma sha shida. Kwalbar allura tara na ware saboda alamar zafin da ke jikinsu ta sauya launi. Na zauna a gaban firjin na yi kuka, ba kuma wanda zan gaya wa.

5. Ranar Alhamis, 19 ga Yuni, iyaye mata za su kawo yara talatin da bakwai rigakafin ƙyanda. Wasu da goyo za su tako tun hantsi. Ni na yi musu alkawari, gida gida.

Saboda haka ina roƙon a janye takardar tuhumar, a maye kwalaben da suka lalace, a kuma ba ni izini a rubuce in ci gaba da ajiye sanyi a goruna har Allah ya kawo batir.

Don kada a ce na ɓoye wani abu: tun ranar Juma'a na tsince gorunan daga bayan ɗaki, na wanke, na sake cika su. Yau da safe ma'aunin yana kan biyar. Idan wannan laifi ne, na amsa shi. Roƙona kawai, duk wanda za a turo ya hukunta ni, ya zauna a kujerar nan, ya karanta takardar da ke ƙofar firjin tukuna.

Ina mai ladabi da biyayya, Allah ya ƙara girma.

Sa hannu:
Jami'ar Rigakafi,
ma'aikaciya ɗaya tilo a wannan asibiti