Ƙafar Auta da Kusurwar Hagu

Zuwa ga uwargida, Maman Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ladan jinya.

Ki zauna kafin ki karanta sauran. Autanki, wanda 'yan ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando ke kira Tsani, ya yi tsalle ranar Asabar ya sauko a kan ƙafar wani. Ƙashin idon sawu ya tsage, likita ya ce mako takwas. Kada ki taso, ina kula da shi, duk da ya ce girkina ya fi karayar ciwo.

Koci ya zo dubiya da fuska kamar ta mai ta'aziyya. Ba na ganin laifinsa. Yaron da ke ci musu maki talatin cikin saba'in ya kwanta, ga gasa ta kai tsakiya. Auta kuwa har lallashinsa yake yi, irin lallashin mutumin da ya tabbata gida zai rushe tunda ba ya nan.

Naki,
Baban Auta

Maman Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Inna, ga labarin da ban san ko na murna ba ne. Gidan bai rushe ba. Wasa uku suka yi ba shi, duka suka ci. Ɗan gajeren nan mai raba musu ƙwallo, wanda suke kira Ƙwaro, ashe ya iya jefawa a kwando, shekara biyu ba wanda ya tambaye shi.

A wasan farko ɗanki ya yi tafi. A na biyu ya yi murmushi. A na uku ya ce ƙafa na damunsa, ba zai je ba. Yanzu ya daina motsa ƙafar da likita ya ce ya riƙa yi safe da yamma, ya tura takalman wasansa ƙarƙashin gado, ya ce ko ya warke ya bar ƙwallo, tunda ashe cika fili kawai yake yi. Likita ya ce in bai motsa ta ba za ta sandare.

Shekara ashirin da biyu ina jera littattafai a ɗakin karatu, na karanta tarihin sarakunan da aka tuɓe ba adadi, amma ban sami wanda ya faɗi abin da ake gaya wa na cikin falona ba.

Mijinki

Maman Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Jiya aka yi wasan ƙarshe, na ja shi da ƙyar ya zauna a bencin 'yan wasa, sandarsa a gefe.

Saura daƙiƙa biyar, an fi su da maki ɗaya, ƙwallo a hannun Ƙwaro. Mutum biyu suka rufe shi. Bai ko ɗaga kai ba, ya wurga ta kusurwar hagu, inda Auta ke tsayawa a irin wannan lokaci tun da suka fara wasa tare. Ba kowa a wurin. Ƙwallo ta fita fili, ta tafi kai tsaye benci, ɗanki ya cafe ta da hannu biyu yana zaune. Aka busa tashi.

Ƙwaro ya durƙusa ya rufe fuska. Auta ya rungume ƙwallon, sai da alƙalin wasa ya tambaya sau biyu sannan ya ba shi. Daga nan ya dogara sanda har tsakiyar fili ya ɗaga abokinsa. A mota, da muka kusa gida, ya ce ashe har yanzu suna nemansa, sai kuka. Ban san na daɗi ne ko na baƙin ciki ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Yanzu ga nawa laifin, ki rufa mini asiri. Tun daga hutun rabin lokaci nake roƙon Allah a zuci su sha kashi. Yara goma sha ɗaya sun koma gida ba kofi, ni kuwa na tuƙo mota da sanyin zuciya. Na yi istigfari, amma ban tabbata na yi nadama ba.

Da safen nan na same shi a bakin gado yana juya ƙafar, yana cije leɓe yana ƙirgawa. Na ja ƙofa a hankali na koma.

Ki dawo da wuri, mun rame.

Naki har kullum,
Baban Auta