Auta Ta Ce Ni Zan Riƙe Mata Furen Haske

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin manya na koyi karatu, har yanzu in na rubuta layi sai na koma na bi shi da yatsa.

Ni tela ce, a gida nake ɗinkin mata. Autata tana karatun lantarki a kwaleji. Tun tana ƙarama ba ta barin rediyo ya zauna lafiya, sai ta ga abin da ke cikinsa. Yanzu ta ƙwace rabin teburin da nake yanka yadi, ta cika shi da wayoyi da dalma da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu zanen launi. Da hannunta ta haɗa wani akwati, abin da ke ciki ta ce sunansa osileta. Yadda ta fahimtar da ni, guda biyu ne, kowanne yana kaɗa ɗan madubi da bai fi farce ba, ɗaya sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama. Sai ta harba wani siririn haske mai ƙarfi, wai shi lesa, kan madubin, ya faɗa bango. Ɗigo ɗaya ne tak, amma saboda tsabar gudunsa sai ido ya ga zane.

Ranar da ta fara nuna mini, da rana tsaka ta sauke labule, sai ga koren zobe a bangon ɗakina. Ta murɗa wani abu ya koma kamar lamba takwas, ta ƙara murɗawa ya buɗe ya zama fure. Anti, salati kawai nake yi. Yarinyar da na goya a bayana ina taka keken ɗinki!

To akwatin nan yana da hali. Da ya ɗau zafi sai furen ya soma juyawa, ya karkace, ya watse kamar zaren da ya cukurkuɗe. Dole sai da mai riƙe abin murɗawa, irin na neman tasha a tsohon rediyo, yana bin sa a hankali. Ita hannunta akwai gaggawa, kullum sai ta zarce. Wata rana tana gyaran waya ta ce in riƙe mata. Ni ban ji shi baƙo ba, tamkar daidaita zaren keke ne in ɗinki yana tattarewa. Na lallaɓa shi, fure ya tsaya cak. Tun daga nan ta laƙaba mini Injiniya Mama, in ta dawo makaranta har ƙamewa take yi ta sara mini.

Ga inda matsalar take. Kwalejinsu za su baje kolin abubuwan da ɗalibai suka ƙera, an zaɓi nata a ciki. Ta ce ita za ta tsaya tana bayani tana sauya zane, ni zan zauna gaban akwatin. Ƙawarta ta gwada, furen ya ƙi tsaya mata. Yayanta mai aikin ofis ya ce sam bai yarda a kai uwarsa gaban malamai a yi ta kallonta ba, ta nemo irin na kwamfuta wanda ba ya buƙatar hannun kowa. Ita kuma ta ce masa na kwamfuta furen roba ne, ba ya numfashi. Yanzu ko gaisuwa sama-sama suke yi.

Ni tsorona da yawa. Kada hannuna ya yi rawa in kunyata ta a gaban mutane. Kada wani malami ya jefo mini tambaya da Turanci in tsaya ina kallonsa. Sannan ga ido. Ita da kanta take jan kunnena kada in kalli bakin hasken, to yaran da za a kawo kallo fa? Amma ba zan ɓoye miki ba, raina yana so. Ban taɓa zama a gaban taro don wani abu da na iya ba. Tana jiran amsata kafin ƙarshen mako. In je ko in haƙura?

Daga Uwar Auta, mai ɗinki.

AMSA

Wa alaikumus salam Mama. Rubutunki ya fita tas, kada ki ƙara ba da haƙuri a kansa. Barka da samun wannan 'ya.

Ki je. Auta ba don ta faranta miki ta zaɓe ki ba, an gwada wani hannun bai yi ba. Aiki ne take buƙata, ke kuma kin iya shi.

Amma kada ki ɗauki yayanta a matsayin mai hana ruwa gudu. Kishin mutuncinki ne ya sa shi magana, ko da ya faɗe ta da kaushi. Ki kira shi shi kaɗai, ki sauke labule, ki ba shi abin murɗawar ya riƙe da kansa. In furen ya watse masa, ki karɓa ki tsayar. Bayan nan ki gaya masa kina son ya raka ki, ya zauna a sahun gaba. Wanda aka ba aikin rakiya ba ya tsayawa gardama.

Batun ido kuwa, nan ne tsoronki ya fi gaskiya, kuma kada ki sassauta. Ki gindaya wa Auta sharaɗi: malaminta ya duba ƙarfin hasken kafin ranar, a ɗora akwatin inda hasken zai wuce saman kan kowa ya sauka a bango, babu madubi ko gilashi a hanyarsa, a kuma kange wurin kada yaro ya gifta. Makunnin kashewa ya kasance kusa da hannunki, ke da ita ku sa tabarau irin na wannan aiki. In ba a cika waɗannan ba, ba ke kaɗai ba, ita ma kada ta kunna.

Rawar hannu maganinta sabo. Ku tara maƙwabta su zuba miki ido kina yi, har kallon ya daina damunki. Ku je zauren taron da wuri, a kunna akwatin ya gama ɗaukar zafinsa kafin mutane su shigo. In kuma furen ya kuɓuce a tsakiyar taro, ki dawo da shi a gabansu, nan ne ma za su gane akwai hannu a aikin.

Duk malamin da ya yi tambaya, ki amsa masa da Hausa abin da hannunki yake yi. Na cikin akwatin ki nuna masa mai shi, ga ta nan tsaye kusa da ke.

Yau ɗin nan ki ba Auta amsa, kada ki bar ta cikin zullumi. Allah ya yi musu albarka su duka, ya daidaita tsakaninsu, ya sa ku tashi taron lafiya da farin ciki.