Hular da Ka Bari a Ramin Amurka

Zuwa ga Alhaji, inuwar kaina, ruwan randata mai sanyi, tauraron da nake dubawa in gane gabas. Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga nan Doha.

Sakinatu maƙwabciyarmu ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Sai da na bari Bilqis ta tafi asibiti, don ta yi arba'in ta koma aiki, don wace uwa ce za ta buɗe baki da irin wannan zance a gaban 'yar cikinta? Ita ma Sakinatun na ce ta sunkuyar da kai, kada ta kalle ni.

Alhaji, me nake ji haka? Na zo wankan jegon Bilqis a kan za ka biyo ni, likitocin zuciya su duba ƙirjin nan da ke tsayar da kai a hanyar masallaci. An yi biza, an yanki tikiti, an sa rana. Sai jiya ƙanenka Suraj ya bugo waya, wai ka ce ba za ka hau jirgi ba, wai ka gaji, a bar ka a Kazaure ka jira lokacinka. Na kira ka, ka yi ta tambayata jaririya, ka ƙi tsayawa a kan zancen. Wayyo ni! A nan unguwarmu Mu'aither rana kamar bakin murhu, cikin ɗaki kuma na'ura na hura sanyi har ƙashi, ni kuwa ba zafin nake ji ba, ba sanyin ba. Kai nake ji.

Ka manta tafiyarmu ta Amurka ne? Shekarar da ɗanmu na fari ya gama karatu, ya zuba mu a mota daga Teksas, ya ce sai ya kai mu bakin teku ta can yamma. Kwana da kwanaki titi ya ƙi ƙarewa, ni da kai a baya, ledar ƙuliƙuli da dabino a tsakaninmu. Mu shimfiɗa darduma a gefen gidan mai, manyan motoci na wucewa suna kaɗa mini mayafi. Ya tsaya da mu a wani farin yashi, na ɗebo na lasa, na zaci gishiri ne, ka yi dariya har da riƙe ciki. Ga itatuwan ƙaya tsaye cikin daji, hannuwa sama kamar masu tayar da kabbara. Ga wata bishiya can gaba, ka buɗe hannu za ka rungume ta, ka ce kukar ƙofar gidanmu ko jikarta ba ta kai ba.

Amma ramin nan nake so ka tuna, wanda yaron ya ce sunansa Giran Kanyon. Ƙasa ta tsage, ja jawur, kogi can a gindi siriri kamar zaren ɗinki. Iska ta fizge hularka, ta ajiye ta bayan ƙarfen da aka gitta a bakin ramin. Na ga ka ɗaga ƙafa, ka miƙa hannu, babbar rigarka ta cika da iska kamar za ta tashi da kai. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da tun ranar da aka kai ni ɗakinka ban taɓa kama sunanka ba, ko mai irin sunan ne sai in kewaye, ranar nan na ƙwala shi a gaban ɗanmu, a gaban Turawa, har duwatsu suka maido mini da shi! Ka juyo. Ka sauke ƙafar. Hular ta gangara, ta tafi.

A mota na rufe fuska don kunya, kai kuwa kanka ba hula, kana ta murmushi. Ka raɗa mini cewa da ka sani, da tuni ka jefar da huluna goma. Daga ranar, sau nawa ka lallaɓa ni in sake faɗa? In ce Allah ya kiyaye, sau ɗaya ma tsautsayi ne.

To Alhaji, zumar farin wata, damina mai albarka, yau ma a bakin rami nake hango ka, ƙafa ɗaya a sama. Na san rai na Allah ne, amma wa ya ce a ƙi magani? Wa zan bai wa labarin jikokin nan masu ce mini yalla, yalla, wato maza-maza da Larabcinsu? Wa zai ce kununa ya yi tsami, ya kuma shanye kwanon tas? Idan ka tafi ka bar ni, wa ya rage a duniya da ya san na taɓa lasar yashi?

Ka sa Suraj ya kai ka filin jirgi. Ni zan tsaya a bakin ƙofar fitowa, ko ƙafafun nan za su kumbura. Na riga na ba da saƙo a sayo maka sabuwar hula.

Sakinatu ta ɗago kai tana jira, na ce ta rubuta shi yadda na faɗa, kada ta rage ko harafi. Ga abin da ka daɗe kana roƙo, na ba ka, ba tsautsayi, da hankalina:

Nasidi. Nasidi, sauke ƙafar nan, ka taho.

Taka tun ranar farko, taka har a ɗauke ni, in Allah ya yarda taka a can ma,
Zuleiha