Zo Ki Rera, Ni Zan Taka Keken

Zuwa gare ki, Kanarina, ruwan sanyin randata, inuwar da nake fakewa in rana ta take tsaka, uwar Babba da Auta, zaren da in babu shi allurata sai dai ta yi ta huda yadi a banza!

Gaisuwa nake aiko miki wadda ta fi ƙarfin tef ɗin awona. Ki yi haƙuri da rubutun nan mai tafiyar kaguwa. Kin san ni da makaranta rabuwar arziki muka yi: ta gaji da ni, na gaji da ita, kowa ya kama gabansa. Da da keken ɗinki ake rubuta wasiƙa, da kin ga layi miƙaƙƙe kamar hancinki. Inna mai wanki ce za ta kawo miki, tare da rigar Auta da na ƙarasa. Idan ta yi mata yawa, ki ce mata babanta da zuciya ya auna ta, ba da ido ba.

Ya ke yayyafin farko a kan ƙasar da ta ƙone! Ya ke hantsi mai ɗumama bayan tsoho! Wace bishiya ce ta taɓa yin reshe mai lanƙwasa irin wuyanki sa'ad da kika sunkuya kina zura mini zare, kina tsaki wai idona ya mutu? Ke tsuntsuwa ce a kan reshe, ni kuwa kwaɗon da ya ɗaga kai daga taɓo ya hango ki ya ce tasa ce. Allah kuma, da yake ya iya raha, ya ce amin.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona da yadinki a hammata? Ina ɗinki, kina zaune a bencin masu jira kina rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, ke a zatonki ba mai ji. Ni kuwa kunnena ya bar jikina ya koma wurinki, ƙafata na taka keke, hannuna na tura yadi, har na ɗinke gefen rigata a jikin zanenki. Da na miƙe in ba ki kayanki, sai kayan suka taho da tela. Kika yi dariya har kika riƙe ciki. Na tambaye ki waƙar wa kike yi, kika dubi ƙofa, kika dube ni, sannan kika faɗi sunan Yesu a hankali kamar mai miƙa ƙwai. Ta wannan ƙofar na shiga, Kanari. Wasu wa'azi ya jawo su, wasu mafarki, wasu ciwo. Ni murya na biyo, na tarar da Mai Ceto a tsaye a bayanta. Bai kuma kore ni don na zo da wata manufa ba.

To, sai ga abin da muka yi da muryar nan. Kin fi ni sani, amma bari in faɗa, don a bakina abin ya fi ban dariya, a zuciyata kuma ya fi ciwo.

Da 'yan'uwa suka fara taruwa a ɗakinmu ran Lahadi, Dattijo mai gyaran takalma, wanda yake ja mana addu'a, ya kawo dabara: a riƙa taka keken ɗinki lokacin waƙa, maƙwabta su ɗauka aiki ake yi. Sai batun wa zai taka. Ya ce muryarki tana tsallake katanga ta zauna a kunnen mutum, babu keken da zai rufe ta. Tawa kuwa, in ji shi, ko mai gyaran keke ba zai iya bambanta ta da ƙarar keken ba. Aka yi dariya, aka zartar. Kanari ta zauna tana taka keke a kan tsumma, allura ba zare, baki a rufe. Kwaɗo ya miƙe tsaye yana yabon Ubangiji. Mutanen gida har yaba mana suke yi, wai ga masu neman na kansu, ko Lahadi ba sa hutu. Ban taɓa samun sunan kirki irin na lokacin ba.

Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wa ya taɓa yi wa bel ɗin keke addu'a? Muna tsakiyar waƙa ya tsinke, tas! Kowa ya haɗiye muryarsa nan take, don kowa idonsa a buɗe yake. Ban da mijinki. Mijinki ya rufe ido, ya ɗaga haɓa, ya kama sunan Yesu yana ja yana ja kamar mai auna yadi goma. Na ji shiru ya yi yawa, na ɗauka Ruhu ne ya sauko, na ƙara ƙarfi! Dattijo ya taɓa karanta mana labarin wasu manzanni biyu da suka yi waƙa a kurkuku ƙofofi suka buɗe. Ni ma tawa ta buɗe ƙofa. Sai dai Mai Makullai ne a tsaye, mai gidan hayarmu, da bokitinsa a hannu.

Har yau ban tabbatar ba ko don Almasihu aka kore mu ko don muryar. Idan na je sama aka ce a ba ni rawanin masu shan tsanani, ina jin wani mala'ika zai ɗaga hannu ya ce a dakata, a binciki wannan, maƙwabtansa suna da hujja.

Na yi ta ba'a a ranar, kin gani. Suna watso kayanmu a titi ina ce musu su yi a hankali da tukunya, ita ba ta yi waƙa ba. Masu kawo ɗinki suka yi layi suna karɓe yadinsu, har da mutumin da ya tafi da wando mai ƙafa ɗaya, ya gwammace ya yi ɗingishi da a ce tela kafiri ya ƙarasa masa. Na yi dariya. Da Babba ta dawo daga makaranta ta ce yara sun tashi daga bencin da take zama, na ce ta samu fili ta miƙe ƙafa. Amma da dutsen nan da aka jefo mana ya faɗo kusa da kan Auta tana wasa a gindin kayan, sai na duba aljihun ba'ata, babu ko ƙyalle. Na ga fuskarki. Kanari, da a sake nuna mini fuskar nan gara a ɗinke mini ido.

Shi ya sa da Yayanki ya zo da mota ya kwashe ku, ban tare hanya ba. Kika ce mini kin gaji da tsoro. Ba ki ce kin gaji da ni ba, ba ki ce kin gaji da Ubangiji ba. Na auna maganar nan ta kowane gefe, na juya ta ciki da bai kamar rigar da za a yi wa gyara. Ban ga laifinki ba. Kaza ma in ta ga shaho tana tara 'ya'yanta ta gudu, ba a kuma ce mata matsoraciya.

Yayanki ba mugu ba ne, ki gaishe shi in zai amsa. Ya ba ku ɗaki da abinci, ni kuwa abin da na ba ku titi ne. Amma Inna ta faɗa mini sharaɗinsa: ba addu'a da sunan nan a gidansa, ba waƙa, ba tela. Ya zo ya same ni ma, ya zauna, ya yi mini magana ta hankali. Wai in fito gaban mutane in ce na bari, shi zai sa baki a mayar mini da masu kawo ɗinki da ɗaki da iyali, duk a rana ɗaya. Na ce masa Yaya, ni tela ne, ƙarya sana'ata ce, na ce wa mutane gobe har gobe ta san sunana. Amma wannan ƙaryar ta fi ƙarfin allurata. Ya kira ni mahaukaci. Na ce ai shi ya ba mahaukacin ƙanwarsa.

Bayan tafiyarsa sai babban baƙo ya fara zuwa. Shaiɗan nake nufi. Shi kaɗai ne mai zuwa shagon da bai gudu ba. Da rana tsaka, in na yi zuru ina kallon allura, sai in ji ya zauna a bencin masu jira ya harɗe ƙafa. Ba ƙaho, ba wutsiya, muryarsa ma mai daɗi, irin ta mai son rangwame. Wai me zai ragu? Ka faɗa da baki kawai, zuciya ai taka ce. Wai Allahn da ya kasa riƙe bel ɗin keke, shi zai riƙe maka 'ya'ya? Wai matarka ta samu katifa mai laushi, ka ɗauka za ta dawo wa tabarma? Wannan ta ƙarshen takan shige ni har ƙashi, ba zan ɓoye miki ba. Ba ni da ilimin da zan yi gardama da shi, ayoyin da na haddace ma duk rabi-rabi ne. Sai in buɗe baki in kama waƙa. Kanari, ki zo ki ga gudu! Ashe ba a banza aka ba ni muryar nan ba. Abin da ya kore mu daga gida, shi yake korar Iblis daga shago.

Yanzu ga albishir, ki ba ni goron da hannunki in kin zo. Na samu ɗaki. Ina kike tsammani? A bayan injin niƙa! Katanga ɗaya ce tsakaninmu. In aka tayar da shi, ƙasa rawa take, kofi yana tafiya da kansa a kan tebur, gari yana sauka a kaina har na yi furfurar da Dattijo zai ba ni wuri in zauna. Na faɗa wa mai niƙan gaskiya tun kafin in shigo da kaya, cewa mu masu bin Yesu ne kuma muna waƙa. Sai da na maimaita da ihu, don injin ya cinye masa kunne. Ya ce shi dai kada a taɓa masa inji, sauran tsakanina da Allah. Kuma ran Lahadi da safe ne mata suka fi kawo niƙa. Kin ga aikin Ubangiji? Wasu ya raba musu teku, ni ya duba muryata ya ba ni maƙwabcin da ya dace da ita.

Akwai taga ɗaya, tana kallon bishiya, ba titi ba. Na kafa ƙusa inda za ki rataye mayafinki. Keken ya lotsa a gefe tun ranar da aka jefo shi, amma yana tafiya, Dattijo ya yanko masa sabon bel daga fata mai kauri, ya ce wannan sai dai jikokinmu su tsinka. 'Yan'uwa sun dawo taruwa. Amma ɗakin nan, duk da ƙarar da ke cikinsa, shiru ne, Kanari. Shiru kamar rijiyar da ta ƙafe. Ina amfanin gida in babu mai yi mini tsaki? Wa zai ce mini Kwaɗo, rufe baki yara na barci? Ina juyawa in ba da labari, sai in tarar katanga nake ba wa, ita kuwa ko murmushi.

Ba zan yi miki alkawarin tela ba. Ba zan ce an daina jifa a duniya ba, ko yara za su koma bencin Babba gobe. Injin niƙan ma bel gare shi, na leƙa na gani, kuma duk abin da ke da bel wata rana zai yi shiru. Idan kin ga zaman can ya fi wa yaran, ki zauna, ba zan daina zama mijinki ba ko da daga bayan katanga ne. Amma akwai abin da yake cina. Shekara da shekaru kina taka keke baki a rufe don mu mu yi waƙa. Yanzu kuma kina gidan da aka ce ki rufe shi gaba ɗaya. Anya an halicci kanari don ya yi ta haɗiye waƙarsa? Muryar da ta jawo tela da rigarsa a ɗinke har gaban Almasihu, a ce ta tsufa a maƙogwaro?

Ki dawo, hasken idona. Ki kamo hannun Babba, ki goyo Auta, Inna ta san hanya. Lahadin nan ƙofa a buɗe take, don ko sakata ban sa mata ba tukuna. Kuma ga alkawarin da na yi a gaban Dattijo, ya ce bai taɓa jin hadaya mai girma irinta ba: zan rufe bakina. Ni zan zauna a keken, in taka, in yi shiru kamar tsumman da ke ƙarƙashin allura. Ke ki miƙe tsaye, ki rufe ido, ki ɗaga haɓa. Idan inji ya mutu, idan bel ya tsinke, idan duniya ta yi tsit aka ji mu, to a ji ki. In dai za a sake korarmu, wannan karon a kore mu saboda waƙa mai daɗi, ko mala'ikan nan ya rasa abin cewa.

Ni ne naki, wanda ya ɗinke kansa a jikin zanenki tun ranar farko, bai kuma taɓa neman almakashi ba, ba zai nema ba har ranar da za a auna shi awon ƙarshe,

Kwaɗonki.