Jajayen Ɗigon da Na Goge

Makarfi, ranar Alhamis.

Zuwa ga Yaya Hafiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Saifuddeen da jaririya Kamila, Allah Ya raya ta, Ya ƙara miki lafiyar jego. Inna lafiya lau, ƙafar ce dai ke taɓa ta. An fara yankan rake a Gazara.

Yaya, na kasa faɗin wannan a waya, shi ya sa na rubuto. Da kika turo mini kundin digirinki daga Kalaba, kika ce in buga a shagona in kai Zariya, na buɗe hotunan babi na huɗu na ga wasu jajayen ɗigo birjik tsakanin wani sinadari, wai furotin, da zaren DNA. Ni da iyayina, sai na ɗauka datti ne hoton ya kwaso. Na zauna na goge su tas, ɗaya bayan ɗaya, har ina yaba wa kaina wai na gyara wa Yaya aiki.

Ranar Talata kika kira kina kuka, kika ce mai duba kundin ya rubuta cewa kin yi ta maganar ruwa amma babu ruwa a hoto ko ɗaya, kuma in ba a gyara ba a mako biyu sai baɗi za ki kammala. Kika sake yi mini bayani: furotin ɗin nan shi ke zama a kan DNA na bakteriya ya buɗe saƙo ko ya rufe, amma a wasu wurare ba ya taɓa zaren da kansa, ɗigon ruwa ne ke shiga tsakani ya riƙe su biyun, kamar siminti da ba ya kama bulo sai da jiƙa. Nan take na gane jajayen ɗigon da na goge su ne ruwan. Ashe shekara ukun da kika yi, a kan ɗigon nan kika yi su! Kika ce ƙila gajiyar ciki ce ta sa kika turo tsohon fayil, kika kira kanki sakarya. Wallahi ina ji, na ce miki sai haƙuri. Wannan ya fi gogewar ci mini rai, ko abinci ba ya mini daɗi.

Fayil ɗinki lafiyarsa ƙalau. Na sake bugawa, na ƙirga ɗigon kowane hoto, arba'in da ɗaya, duk suna nan. Gobe bayan Juma'a zan kai wa malaminki, in faɗa masa da bakina aikin wane ne, kada ya ci gaba da ganinki a mai sakaci.

Ki gaida Malam Saifuddeen. Inna da Lantana da Kawu Ya'u suna gaishe ku, ba su san komai ba tukuna. Ki kira ni ko da zagina za ki yi, na cancanta. Shirun da na yi miki ne dai nake roƙo kada ki rama.

Ƙaninki,
Ja'afar