Mataccen batir nake saka wa matata a injin kunnenta

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karatu, har da waɗanda ba sa karantawa sai dai su zarce wajen sharhi. Ina roƙon a sakaya sunana, don a Jibiya in aka ce tsohon ɗan kamasho mai giɓi, ko akuyar tasha ta san ƙofar gidana. Ku yi mini afuwar rubutu, a aji huɗu na firamare na diro daga motar boko tun ba ta tsaya ba. Kuma don Allah kada ku fara zagina sai kun kai ƙarshe. In kun kai ku zaga, ba zan ji haushi ba, don ni na riga ku farawa.

Matata, bari in ce mata Hajiya, taubashiyata ce, ɗiyar kawuna. Kun san wasan taubasai. Tun muna yara take ce mini bawanta, ni kuma in ce da buhun gero rabi aka sayar mini da ita, har aka ba ni canji. Aure bai hana ba, haihuwa ba ta hana ba, furfura ma ba ta hana ba. In na jefa mata ɗaya sai ta rama da biyu, kuma wallahi ta fi ni baki, ni da na ƙare rayuwata ina kiran fasinjan Maraɗi. To shekarun baya ta yi wani zazzaɓi mai zafi, ta tashi, amma kunnuwan ba su tashi tare da ita ba. Na hagu ya mutu murus, na dama saura ɗan kaɗan, sai ka yi ihu a cikinsa ta ce kamar ana magana a ƙasan rijiya.

Matar nan ba ta zauna kuka ba. Ta koyi karanta baki da kanta. Sai ta kama haɓata ta juya ni wajen haske kamar mai duba rago, ta ce, "Maimaita, bawana, kuma ka tofar da goron nan, bakinka duk ya cakuɗe." Don ita na aske gashin bakin da na yi shekaru ina kiwo, ta ce yana rufe mata rubutu. Muka ƙirƙiro alamunmu na hannu: in na taɓa hanci ga abin da nake nufi, in na ja kunne baƙo ne ya zo, in na buga ƙirji sau biyu to maganar gaske ce ba wasa ba. Ina gaya muku wannan ne don ku san ba da mugunta na fara ba. Ko da yake wa ya taɓa cewa da mugunta ya fara?

Abin da ya faru shi ne, yadda take ƙura wa bakin mutum ido ya riƙa ba ni dariya. Sak jami'in kan iyaka yana leƙa bayan mota. Sai na sa mata suna Kwastan. In ta shigo tsakar gida sai in sa hula in rufe bakina in ce, "Kwastan ta iso, kowa ya ɓoye kayansa." Jikoki su kwashe da dariya. Ita kuma ta ce, "Mi ya ce? Buɗe bakin in gani, matsoraci." Sai in buɗe in ce, "Cewa na yi kin yi kyau." Ta ce, "Ƙarya kake, Allah ya isa goron da na ba ka." A lokacin ni a ganina wasanmu ne na kullum. Ban lura ba cewa wasan ya zama na mutum ɗaya, ni ke jifa, ita ba ta ma san an jefa ba balle ta rama.

Gida kuwa ya ɗauka. Muna zaune da ɗana da matarsa da yaransu, shi direban babbar mota ne, ba ya kwana gida sai jefi-jefi. Yara suka mayar da abin gasa, a tsaya bayanta a ga wa zai faɗi wadda ta fi muni. Na san akwai wasan jika da kaka, amma wannan a gaban ido ake yinsa, kaka ta ja kunnenka ta ce kai ne mijin da bai iya cefane ba. Nasu ba haka ba ne. Ni kuma ina kan tabarma ina murmushi kamar shugaban ƙungiya. Wace irin tsufa ce wannan?

Ana haka sai autarmu da ke aure a Maraɗi ta ce a kawo uwarta wani asibiti a can. Da ma ta gaji da kiran bidiyo, don da sabis ya yi rauni sai bakinta ya daskare a waya, uwar ta yi ta cewa, "Ke, motsa leɓen mana." Mun gwada wayar nan da ke rubuta abin da mutum ya faɗa, ba ta san Hausar Jibiya ba, Hajiya kuma ba ta san boko ba, sai suka zama kurame biyu. Muka tsallaka iyaka, aka gwada kunnen, aka ba ta na'urar ƙara ji, 'yar mitsitsiya da ake maƙalawa a bayan kunne. Mu injin kunne muke ce mata. Ma'aikaciyar asibitin ta yi mana bayani tsakani da Allah. Ta ce, "Baba, wannan ba zai maido mata da kunne ba. Ido na kawo mata rabin magana daga leɓe, injin zai kawo mata sauran rabin. Ku ci gaba da fuskantarta, ku tsaya a haske, kada ku yi ihu." Sai ta tambaya wa zai riƙa canza batir, pil kamar yadda suke cewa a can. Na gyara zama na ce ni, ai na yi boko. Ta nuna mini: ɗan batir ne kamar ƙwayar magani, da 'yar takarda manne a bayansa, sai ka ɓare takardar, ka bar shi ya ɗan sha iska, sannan ka saka. In ya mutu ka jefar.

Ranar da muka dawo ba zan manta da ita ba. Hajiya ta tsaya tsakar gida ta ce, "Wannan ƙarar ta mece ce?" Na ce tunkiya ce. Ta ce, "Har yanzu muryarta ba daɗi." Da aka kira la'asar ta ɗaga hannu ta ce kowa ya yi shiru, ba ta rarrabe kalmomin ba amma ta ji tashin muryar ladan, ta zauna a bakin turmi tana share ido da gefen mayafi. Na yi mata magana ina fuskantarta, ba ta ce in maimaita ba ko sau ɗaya. Har ta ce, "Ashe muryarka ta tsufa haka, bawana? Kamar ƙofar langa-langa." Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, an rama mini bayan shekaru.

Kafin magariba ɗaya daga cikin jikokin ya zo ta bayanta, bisa sabo, ya ce, "Kwastan ta samu sabon kayan aiki." Sauran suka fashe. Sai ta juya. Ba ta taɓa juyawa ba sai ran nan. Ta ce, "Wa ya yi magana a bayana? Na ji dariya. Mi ake ma dariya?" Ta dube ni, don ni ne bakin da ta yarda da shi. Na ce, "Injin ne ke ƙara, sai ya saba da ke." Ta ce to.

Kwana kaɗan bayan haka, matar ɗana ta kawo mata tuwo. Yarinyar ta ja hijabi ta rufe baki kamar mai kunyar suruka, ta durƙusa, idanunta na murmushi, ta ce, "Ga shi nan, ci ki ƙoshi, tsohuwar banza, ba aiki sai ci." Hajiya ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata." Ina zaune ina ji. Ashe haka ake yi kullum? Ashe tun yaushe? Da yarinyar ta tafi sai Hajiya ta matso ta ce mini a hankali, "Malam, ban kama abin da ta ce ba, bakin a rufe yake. Amma muryar yarinyar nan ba ta yi kama da idonta ba."

Nan na fara lissafi. Na ce yau ta ji kalar murya, gobe za ta kama kalma, jibi za ta tambayi wa ya fara, kuma duk gidan za su nuna tsoho mai hula. To ku ji dabarar mai aji huɗu. Da batirin farko ya mutu ban jefar ba. Na ɓare takardar wani sabo na manna wa mataccen, na zo gabanta da fuskar likita, na ɓare a kan idonta, har da ɗaga shi sama wai yana shan iska, na saka mata. Ta kasa kunne. Ta ce, "Ban ji komi ba." Na ce, "Bari mu ga gobe." Washegari ma na yi haka. Na ce wa raina na kwana biyu ne, kafin in gyara gidan, in ya gyaru sai in saka mai rai in ce injin ya farfaɗo.

Na tara mutanen gidan kuwa, na sha kunu, na ce daga yau duk wanda ya ƙara rufe baki a gaban Hajiya zai gamu da ni. Yara suka dubi juna suna jiran inda dariyar take. Matar ɗana ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ai wasa ne. Kai ka ce mana wasa ne." Na ce, "Ni taubashinta ne, ke mece ce tata?" Ta ce, "To Baba, ai kai ma ba ta jin naka." Washegari na ji ƙaramar jikokin, wadda ko magana ba ta gama iyawa ba, ta sa tafin hannu a baki tana cewa Kwastan. Ƙyamar da na ji ban san ta wa ce ba, tasu ko tawa. Sai in ga kamar na yi kashi a randar gidana, ina kuma faɗa wai ruwa na wari.

Yau watanni ke nan. Gidan bai gyaru ba, sun dai koyi yi in ba na nan. Sabbin batiran na cikin aljihun wata tsohuwar rigata, duk wanda na cire wa takarda shi ma ya mutu a banza. Hajiya kuwa ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Ta ce wa auta a bidiyo, "Kada ki ƙara wahala, ɗiyata, ɗan sauran kunnen ne ya ida mutuwa. Allah ya ba ni na ji kiran salla sau nawa, na gode masa." Auta na kuka a can, ni ina riƙe da wayar a nan, hannuna ko rawa bai yi ba. Wannan rashin rawar ya fi komai ba ni tsoro. Ta daina tambayar me aka ce. In ana hira sai ta ɗauki carbi ta koma ɗaki. Rabon da ta ce mini bawanta har na manta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na jiya. Tana da wata ƙawa a garin Daddara, tare suka yi 'yan matanci, ita ma jinta ya fara raguwa. Hajiya ta goge injin tas, ta naɗe shi a ƙyalle, ta kira ni, ta kama haɓata ta juya ni wajen haske. Ta ce, "Gobe kasuwa, ka ba direban Daddara ya kai mata, da sauran batiran duka. Ka san direbobin, ba za su ƙi ka ba. Ni nawa ya ƙare, kada abu mai amfani ya ruɓe a ɗaki. In ya yi mata aiki ka zo ka gaya mini, zan ji daɗi." Na ce to. Ta ce, "Mi ya sami bakinka? Rawa yake, ban iya karantawa." Na ce sanyi ne.

Ga ƙyallen nan a aljihuna yanzu. In na aika da batira masu rai, zai yi aiki a Daddara, ni kuma na sallamar da kunnen matata da hannuna. In na aika da matattu, na cuci tsofaffi biyu maimakon ɗaya. In kuma na saka mai rai na maƙala mata, za ta ji ladan, za ta ji autarta, amma za ta ji abin da ake ce mata a kan tuwo, za ta ji sunan da na raɗa mata a bakin jikokinta, kuma ba wawuya ba ce, za ta tambaye ni yadda injin da ya mutu ya tashi. Ba tsoron faɗanta nake ba, da za ta zage ni da na yi sadaka. Tsorona ta dube ni ta yi shiru, daga ranar kuma in na yi magana ta kawar da ido daga bakina. Wanda ba ya ji, in ya kawar da ido, ai ya rufe maka ƙofa ke nan.

Kada wani ya ce in ƙara aure ko in kori matar ɗana, ba wannan na tambaya ba. Ku da kuka yi boko har ƙarshe, da ku mata da kuka san zuciyar 'yan'uwanku, motar Daddara da hantsi take tashi. In gaya mata kafin in saka batirin, ko in saka in bari ta ji da kunnenta? Jama'a, me zan yi da ƙyallen nan?