Kaka Torvald Bai Mutu a Ƙanƙara Ba

Gonar Tveiten, Dakota ta Arewa
4 ga Afrilu, 1984

Yaya Eilert,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Inga da jikoki. Ya ciwon gwiwa?

Ka ce in tattara takardun gidanmu in kai gidan adana tarihi na kwaleji kafin bikin cikar cocinmu shekara ɗari. Na sauko da akwatin da Kaka Aslaug ta zo da shi daga Norway. Takardar jirgi tana nan, da ta gona, da Littafi Mai Tsarki mai sunayenmu. Can ƙasa, cikin rigar matashi, na tarar da wasiƙu talatin da ɗaya.

Ka samu wuri ka zauna. Kakanmu Torvald bai mutu a guguwar ƙanƙara yana neman shanun maƙwabci ba, kamar yadda aka faɗa mana, aka kuma rubuta a tagar coci. Asibitin masu taɓin hankali aka kai shi a 1891, ya yi shekara ashirin da biyu a can. Wasiƙun nasa ne. Yarenmu na Norway ya fara kuɓuce mini, amma na bi su a hankali. Yana tambayar alkama. Yana tambaya ko Halvor, wato Baba, ya samu takalmi. Kowace ya rufe ta da: "Aslaug, na ji sauƙi. Yaushe za ki turo keken doki?"

Duka zan kai.

Ƙanwarka,
Borghild

Minneapolis
10 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga ƙanwata Borghild,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa da sauƙi, mun gode Allah.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Ina roƙonki ki natsu. Tun kina yarinya haka kike, kin ga wuta sai kin sa hannu.

Kaka Aslaug ta ɓoye takardun nan don tana da dalili. Mace ce ita kaɗai da yara uku a bakin daji. Wa zai auri 'yar mahaukaci a zamanin? Ta rufa mana asiri, ba mu ne za mu tona ba. Ki kai takardar jirgi da ta gona da hotuna. Sauran ki sa su a murhu, ko ki aiko mini. Ni ne babba, ni ne kuma zan yi jawabi ranar bikin, na riga na rubuta shafi shida a kan jarumtar Torvald.

Ki gai da Fasto Rustad.

Yayanki,
Eilert H. Tveiten

Gonar Tveiten
15 ga Afrilu, 1984

Yaya,

Ina gaisuwa. Har da "H." a wasiƙar ƙanwarka? Ka yi ritaya daga shugabancin makaranta shekara biyar ke nan, ni kuma ba ɗalibarka ba ce.

Ka ce ta ɓoye. Murhu yana gabanta kullum har shekara arba'in, ba ta ƙona ko ɗaya ba. Ta ɗaure su da zaren ulu, ta jera su shekara bi shekara. Ni kuma ba zan ƙona abin da ita ta kasa ƙonawa ba.

Bari in faɗi abin da ka ƙi rubutawa. Ba Torvald kake jin kunya ba, ɗana Sverre ne. Shekara tara shi ma yana asibitin masu taɓin hankali. Duk Kirsimeti in an tambaya, Inga ta miƙa farantin lefse, gurasarmu ta dankali, tana murmushi: "Ai yana aiki a Seattle." Ni ma na bi ku, na yi ta gyaɗa kai kamar tunkiya. Ranar Lahadi na je wurinsa, na karanta masa wasiƙa ɗaya. Da na gama ya ce, "Mama, ashe ba ni na fara ba?" Na ce, "Ba kai ba ne." Ya ce, "Shi an je ɗaukarsa?"

Ka ba ni amsar da zan ba shi, Yaya, tunda kai ne mai shafi shida.

Borghild

Gonar Tveiten
2 ga Mayu, 1984

Yaya Eilert,

Ina fatan kun wuni lafiya. Ka kashe wayar kafin in gama magana, shi ya sa na koma ga takarda.

Ka ce za ka zo da mota ka ɗauki akwatin. Bismillah, ka zo, akwai kofi. Amma wasiƙun sun bar gidan nan tun ranar Talata. Da hannuna na kai su. Ma'aikaciyar wurin, wata Miss Brekke, ta ce, "In iyali suna so, muna iya rufe su shekara hamsin." Na ce, "An riga an rufe su casa'in. Ki sa su inda kowa zai gani."

Fasto ya zo jiya, ya ci biskit ɗina huɗu kafin ya kai ga magana. Wai tagar fa? Na ce a bar tagar, gilashi bai yi laifi ba, amma in ka tashi ka karanta labarin shanu, ni ma zan tashi daga kujerar gaba in karanta wasiƙa ta goma sha bakwai. Ka san muryata.

Na rubuta wa asibitin da aka kai Kaka Torvald. A bayan ginin suka binne shi, ba suna, sai lamba a kan ƙarfe, kuma littafin lambobin ya ɓace. Kaburbura sun fi dubu. Na sa a sassaƙa dutse da sunansa. Ko zan bi su ɗaya-ɗaya har ƙafata ta gaza, sai na nemo shi. In bikin ya zo, da Sverre zan shiga coci.

Ka gai da Inga, in tana amsa gaisuwata.

Ƙanwarka,
Borghild

Minneapolis
9 ga Mayu, 1984

Borghild,

Ina gaishe ki. Har yanzu ina ganin ba ki kyauta ba.

Kada ki wahalar da ƙafarki. Kabarin yana layi na huɗu daga shingen arewa, na uku daga ƙarshe. Baba ya kai ni ina ɗan shekara goma. Ya tsaya da hula a hannu, ya yi kuka, sannan ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba.

Zan zo ranar Asabar. Kada ki ɗaga dutsen ke kaɗai.

Eilert